Darasin Tattalin Arziki: Yadda Ake Zaɓen Kaki Da Sauran Magungunan Kare Fentin Babur

Tun daga shekarar 1986, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, motocin haya kuma suka yi tsada, babur ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin sufuri da neman abinci a biranen Nijeriya. A kudancin ƙasar ana kiran sana'ar okada, sunan da ta samo daga kamfanin jiragen sama na Okada Air, a arewa kuwa ana ce mata acaɓa ko kabu-kabu. Dubban matasa, ciki har da 'yan arewa masu yawa da ke zaune a Legas da Badun da Fatakwal, babur ɗin nan shi ne dukan jarinsu. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da sakin naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin wannan shekarar, farashin sabon babur ya yi tashin gwauron zabo, sabili da mafi yawan baburan da kayayyakin haɗa su daga Indiya da ƙasar Sin ake shigo da su.

Abin da ya biyo baya shi ne kasuwar tsofaffin babura ta ƙara muhimmanci, kuma a wannan kasuwa fenti yana daga cikin abubuwan farko da ke yanke farashi. Wannan darasi zai duba ire-iren magungunan da ake shafa wa fenti domin kare shi, da aikin kowanne, da kuma hanyar lissafin da mai babur zai bi kafin ya fitar da kuɗinsa.

Dalilin da ya sa fenti ya zama batun kuɗi

A ilmin tattalin arziki, duk kayan aikin da ake samun kuɗi da shi darajarsa tana zaizayewa kowace shekara. Wannan zaizaya asara ce ta gaske, ko da yake mai kayan ba ya ganin ta sai ranar da ya kai shi kasuwa. Ribar mai babur ta ainihi ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin mai da gyara da haraji, sa'an nan an cire bambancin da ke tsakanin kuɗin da ya sayi babur ɗin da kuɗin da zai sayar da shi.

A shekarar 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya yi nazarin kasuwar tsofaffin motoci. Ya nuna cewa mai sayarwa ya san halin kayansa, mai saye kuwa bai sani ba, saboda haka mai saye ya kan rage tayinsa domin gudun a cuce shi. Haka abin yake ga babur. Mai saye ba ya iya ganin cikin inji a bakin kasuwa, don haka ya kan auna kulawar da aka ba injin da abin da idonsa ya gani a jikin tanki. Fentin da ya koɗe ko ya fara tsatsa yana shaida masa cewa an yi sakaci, ko da kuwa ana juye mai a kan kari.

Bugu da ƙari, ranar sayarwa ba kullum mai babur ke zaɓen ta ba. An hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a 2006, an hana ɗaukar fasinja a kan babur a birnin Kano a watan Janairu na 2013, a Legas kuma an haramta sana'ar a ƙananan hukumomi 6 daga ranar 1 ga watan Yuni na 2022. Duk lokacin da irin wannan doka ta fito, masu sayarwa su kan yi yawa a lokaci guda, mai saye ya sami damar zaɓe, babur mai kyan gani shi ke fara tafiya.

Wani zai ce ai ana iya sake fenti. Gaskiya ne, amma fentin kamfani ana gasa shi ne a tanda mai zafi, wanda ake fesawa a bakin hanya kuwa iska ce ke busar da shi, ƙarkonsu ba ɗaya ba ne. Har ila yau, babur da aka sake wa fenti ya kan jawo zargin cewa ya taɓa yin haɗari.

Yadda fenti yake da abokan gabansa

Fentin zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke manne wa ƙarfe yana hana tsatsa, akwai shafen launi, sa'an nan a bisa akwai shafen sama marar launi, mai ɗaukar ido kamar gilashi. A jikin mota kaurin wannan shafe na sama ya kan kasance tsakanin maikiron 35 zuwa 50, watau bai kai kaurin silin gashin mutum ba, domin maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Baburan da aka ƙera domin araha sau da yawa nasu bai ma kai haka ba. Duk maganin kariya aikinsa ɗaya ne, ya tsaya tsakanin wannan siririn shafe da abubuwan da ke cin sa.

Abokan gaban sun bambanta daga yanki zuwa yanki. A biranen gaɓar teku irin su Legas da Warri da Fatakwal da Kalaba, iska tana ɗauke da laima da gishiri, waɗanda ke hanzarta tsatsa a duk inda fenti ya ɗan ƙwarzane. A yankin Neja Dalta ƙona iskar gas yana ƙara wa ruwan sama tsami, kuma tun daga 2016 mazauna Fatakwal suka yi ta kukan baƙin toka mai sauka a kan rufin gidaje da ababen hawa. A lokacin hunturu kuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta kan kai har bakin teku. A cikin ƙurar akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba, shi ya sa share babur da busasshen tsumma da safe yake barin ƙananan zane-zane masu kashe ƙyalli.

Rana ma tana nata aikin. Haskenta na ultrabayolet yana karya sinadaran fenti har launi ya dusashe, ja ya koma ruwan hoda, baƙin tanki kuma da tsakar rana zafinsa ya kan iya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. Sai kuma abubuwan da suka keɓanta ga babur: fetur da ke zuba a bakin tanki wajen shan mai, gogayyar gwiwa da kaya a gefen tanki, tsakuwar da taya ke watsowa, da kashin tsuntsaye mai ƙona fenti in ya kwana. Man birki shi ne mafi sharri, domin yana iya narkar da fenti in ba a wanke shi da ruwa nan take ba.

Kashi na farko: kaki

Kaki shi ne mafi daɗewa cikin magungunan. Wanda ya fi suna shi ne karnuba, da ake karkaɗowa daga ganyen wani irin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin ƙasar Barazil. Yana cikin mafiya taurin kakin da ake samu daga tsirrai, ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86, alhali kakin zuma yana narkewa tun a wajen digiri 62 zuwa 64. Saboda taurinsa ba ya shafuwa shi kaɗai, dole a cuɗa shi da mai da sinadaran tausasawa. Don haka in aka ga an rubuta karnuba ɗari bisa ɗari a jikin gwangwani, ma'anarsa a mafi yawan lokaci ita ce kakin da ke ciki duka na karnuba ne, amma akwai wasu abubuwan tare da shi.

Amfanin kaki shi ne araha da sauƙin shafawa da kyakkyawan ƙyalli, kuma in aka yi kuskure ana iya goge shi a sake. Rauninsa shi ne gajeren kwana. Ya kan yi makonni 4 zuwa 8, a ƙasa mai zafi kuma ga babur da ke yini a rana ana wanke shi kullum, ƙarshen lissafin na ƙasa ya fi kusa da gaskiya. Fetur yana narkar da shi, garin sabulun wanki ma yana kwashe shi.

Kashi na biyu: man polima

Wannan haɗin masana'anta ne, ruwa-ruwa, wanda ake yi da sinadaran polima. Yana kama jikin fenti fiye da kaki, yana jure zafi da wanki, kuma ya kan yi watanni 4 zuwa 6. Ana shafa shi kamar kaki, sai dai yawancinsa yana bukatar a bar shi wasu sa'o'i ba tare da ruwa ya taɓa shi ba domin ya kama sosai. Masu sha'awar ado su kan ce ƙyallinsa bai kai na karnuba zurfi ba, amma wannan ba abin damuwa ba ne ga babur na neman abinci. Wanda yake son haɗa su biyun sai ya fara da man polima, bayan ya kama ya ɗora kaki a bisa. In aka juya tsarin, man ba zai sami fentin da zai kama ba.

Kashi na uku: rufin siramik

Rufin siramik ruwa ne mai ɗauke da sinadarin silika, wanda in ya bushe yake zama siririn ɓawo mai tauri, kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya ko biyu ba. Kamfanonin da ke yin sa su kan yi alkawarin shekaru 2 zuwa 5. Yana jure fetur da sinadarai fiye da biyun farko, datti ba ya kama shi sosai, wanki kuma yana sauƙi. Sai dai yana da tsada, kuma mafi yawan kuɗin yana tafiya ne a aikin shirya fentin, domin duk zanen da aka rufe a ƙarƙashinsa ya zauna ke nan. Yana bukatar wuri mai inuwa marar ƙura, da aƙalla yini ɗaya ba ruwa, da kimanin mako guda ba wanki. In aka shafa shi ba daidai ba, ba ya fita sai an kankare da injin gogewa.

Akwai alamar 9H da ake bugawa a jikin kwalabensa, wadda ke sa wasu su ɗauka ya kusa lu'ulu'u tauri. Wannan lamba daga ma'aunin taurin fensir aka ɗauko ta, watau fensir mafi tauri bai zana shi ba a gwaji. Yashi da tsakuwa da makulli duk suna iya zana shi. Ya kamata kuma a bambanta shi da feshin siramik mai araha da ake sayarwa a kwalba, wanda ƙarkonsa na watanni ne kamar man polima.

Kashi na huɗu: ledar kariya

Ita kaɗai ce ke tare duka da gogayya. Leda ce garai-garai da ake yi da poliyuritan, kaurinta kimanin maikiron 150 zuwa 200, watau ta ninka shafen sama na fenti sau uku ko fiye. Rufe babur gaba ɗaya da ita ba ya biyan kuɗinsa ga mai acaɓa, amma ƙananan yanka a inda gwiwa ke gogar tanki, da inda makulli ke kaɗawa, da inda ake ɗaura kaya, suna hana ɓarnar da babu wani kaki da zai hana.

A nan ya dace a taɓo wata al'ada da ta yaɗu, watau barin ledar da kwalin da sabon babur ya zo da su, ko lulluɓe tanki da fata ko kafet. Niyyar mai kyau ce, amma in ruwa da ƙura suka shiga ƙarƙashi ba sa fita, sai rufin ya riƙa goga yashin a jikin fenti, laima kuma ta kwanta tana kiran tsatsa. Wanda ya sa irin wannan rufi ya wajaba ya riƙa cire shi lokaci-lokaci, ya wanke ya busar.

Lissafin da ya kamata a yi

Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta farashin gwangwani da na kwalba. Ma'aunin da ya dace shi ne kuɗin kariyar wata ɗaya. Ga misali da alƙaluman da aka ƙaddara domin darasi kawai, kowa sai ya sa farashin kasuwarsa a gurbinsu.

A ƙaddara gwangwanin kaki naira 6,000 ne, yana isa shafawa 12, kowace shafawa tana yin wata ɗaya da rabi. Kowace shafawa ta tashi naira 500, wata ɗaya kuma kimanin naira 333. A ƙaddara kwalbar man polima naira 12,000 ce, tana isa shafawa 10, kowace tana yin watanni 5. Shafawa ɗaya ta tashi naira 1,200, wata ɗaya kuma naira 240. A ƙaddara kuma aikin siramik naira 60,000 ne, ya yi shekaru 2 cur, wata ɗaya ya tashi naira 2,500. A wannan misali kwalbar da ta ninka gwangwani farashi ita ce mafi araha.

Lissafin bai ƙare a nan ba, domin lokaci ma kuɗi ne. Mai kaki zai tsaya shafawa sau 8 a shekara, mai polima sau 2 ko 3. Mai siramik kuwa zai ajiye babur yini ɗaya ko biyu, kuma ga wanda yake biyan kuɗin babur kullum ko mako-mako ga mai shi, cinikin waɗannan kwanaki dole a ƙara shi a kan farashin aikin. Haka nan kwalba mai shafawa 10 mutum ɗaya ba zai ƙarar da ita ba kafin ta lalace a ajiye, saboda haka in mutum biyar na tasha ɗaya suka haɗa kuɗi suka saya, kowa ya sami kariyar kusan shekara da kashi ɗaya cikin biyar na farashin.

Tambaya ta ƙarshe ita ce tsawon lokacin da za a riƙe babur ɗin, da darajarsa. Ƙa'idar ita ce kada jimlar kuɗin kariya ta wuce ƙarin da ake sa ran samu ranar sayarwa. Ga babur na acaɓa irin su Bajaj Boxer ko TVS ko Jincheng, wanda ake shirin sayarwa bayan shekara biyu ko uku, man polima da 'yan yankan leda sun wadatar. Ga ma'aikacin da ke ajiye babur ɗinsa a inuwa yana hawa safe da yamma, kaki ya isa. Siramik ya fi dacewa da babban babur mai tsada da za a daɗe da shi, ko kamfanin kai saƙo mai babura da yawa wanda launinsu tallarsa ne, kuma rage lokacin wanki riba ce a gare shi. Mazaunin gaɓar teku ya kamata ya fifita abin da ke daɗewa, ya kuma gaggauta taɓa fenti a duk inda ƙarfe ya bayyana, domin babu maganin shafawa da ke tsayar da tsatsar da ta riga ta fara.

Ƙa'idojin shafawa

Kowane magani aka zaɓa, aikin yana farawa ne da wanki. A fara kwarara ruwa domin ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa jikin, a yi amfani da sabulun wankin mota da tsumma mai laushi, a ware wani tsumman daban domin taya da inji. A shafa a inuwa bayan inji da tanki sun huce, a shafa siriri, domin abin da ya taɓa fenti ne kawai ke aiki, saura asara ce.

Dole a bambanta man gogewa da maganin kariya. Man gogewa yana ɗauke da ɓarɓashi mai cin fenti, yana fitar da zane ne ta hanyar rage kaurin shafen sama. Yin sa sau ɗaya kafin a sa kariya yana da amfani, yawaita shi kuwa yana ƙarar da shafen har a kai ga launi. Fenti marar ƙyalli, wanda aka yi shi dushi-dushi da gangan, ba a goge shi kuma ba a sa masa kaki na yau da kullum, yana da nasa maganin. Baƙar robar da ba a yi wa fenti ba kaki yana barin mata farin tabo, salansa kuma zafinta yana ƙone shi.

Akwai wuraren da batun ya wuce na kuɗi ya zama na rai. Kada wani magani mai santsi ya taɓa tayar da ke taka ƙasa, ko faifan birki da takalmansa, ko sirdi, ko mariƙin hannu, ko matakin ƙafa. Haka kuma shafa baƙin mai ko dizal ko kananzir domin babur ya yi ƙyalli, kamar yadda ake gani a wasu wuraren wanki, yana kwashe kariyar da ke kai, yana kama ƙura, yana kuma lalata roba.

Hanyar sanin ko kariya tana nan mai sauƙi ce. In aka watsa ruwa a tanki mai tsabta ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, tana nan. In ya baje ya kwanta, lokacin sabuntawa ya yi.

Hattara da jabu

Kusan dukan waɗannan magunguna daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin canjin kuɗi, kuma tsada ta kan buɗe wa masu jabu ƙofa. A manyan kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo ta Legas da Nkwo ta Nnewi ana samun na ƙwarai, ana kuma samun akasinsa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ke da alhakin sa ido a kan kayan da ake shigowa da su, amma mai saye shi ne mai gadin ƙarshe. Ya duba hatimin murfi da sunan kamfani da adireshinsa da bayanin yadda ake amfani, ya karɓi rasit, ya kuma gwada a wani ɓoyayyen gefe kafin ya shafe tanki. Kwalbar da aka ce siramik ce ta shekaru 5 amma ana sayar da ita a farashin kaki, farashin ya riga ya ba da labarinta.

Daga ƙarshe, kariya mafi araha ita ce wadda ba a saye: ajiye babur a inuwa, goge fetur da zarar ya zuba, wanke kashin tsuntsu kafin ya bushe, da barin busasshen tsumma a lokacin hunturu. Mai babur da ya riƙe waɗannan, ya kuma ƙara da maganin da lissafin wata-wata ya nuna masa ya dace da aljihunsa da garin da yake aiki, zai tarar da sakamakon a ranar da dillali ya zagaya babur ɗin ya yi tayi.